Inda Lawal Soja Ya Kwanta

Tun da muka dawo daga Kafanchan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Da na zauna sai wani ya matso da benci: "To Malam Habu, yaya ƙasar take? Kun same shi kuwa?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa gaba. Shekaranjiya wani ya zaunar da ni ya ba ni labarin tafiyata, har da damisar da ta tare mu a hanya. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani, mai son damisa ya nemi tasa.

Kakana na wajen uwa, Lawal, kafinta ne a nan Funtuwa kafin ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Ya tafi ya bar Inna, mahaifiyata, tana 'yar mitsitsiya, ko kamannin fuskarsa ba ta riƙe ba. Yaƙi ya ƙare, masu dawowa suka dawo, shi shiru. Abin da aka samu kawai shi ne wani sojan garinmu ya ce ya gan shi da mummunan rauni a cinya, an sa shi a jirgin ƙasa mai kawo masu rauni Arewa, wani abokinsa Bulus, mutumin wajen Kafanchan, yana kula da shi. Jirgi ya iso Kaduna, babu Lawal babu Bulus. Daga nan kowa ya ɗinka tasa. Wasu suka ce ya cika a hanya aka jefar da gawar a daji. Wasu marasa tsoron Allah suka ce ya warke, ya bi Bulus garinsu, ya yi aure ya manta da salla. Kakata ta kwashe 'yarta ta koma ƙauyen iyayenta, ta rasu ba ta san wanne ne gaskiya ba.

Inna ba ta taɓa kula maganar auren ba. Ta dajin ce take cin ta. Tun ina yaro, in aka wuce da makara ta ƙofar gidanmu sai in ji ta ce a hankali, "Wannan ya dace, ya samu masu wanka." Bara da idonta ya fara hazo, aka yi magani abin bai ja baya ba, sai ta kira ni ɗakinta.

"Habu, ka kai ni Kafanchan," in ji ta. "Ba gado nake nema ba. So nake in ji ko an yi wa ubana wanka da salla an sa shi a rami kamar ɗan Musulmi, ko kuraye ne suka raba shi."

Na kawo mata maganar hanya, na kawo ta tsaro, na ce shekara hamsin da ɗoriya fa, wa zai tuna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "In tsoro kake ji ka faɗa, in nemi mai wando ya raka ni." Washegari na rufe shagon yadina.

Kayan da Inna ta haɗa sai ka ce ƙasar yunwa za mu. Dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, 'yar tukunya, buta biyu, har gishiri ta ƙulle a leda. Ta ce ita ba za ta ci abin da ba ta san wanda ya yanka ba. Ni ne na ɗauki buhun, ni ne kuma na sha zagin 'yan kamasho a kowace tasha.

Daga Funtuwa zuwa Kaduna babu labari, hanyarmu ce. Labari ya fara ne daga gadar kogin Kaduna. Babu shinge a wurin, babu mai tambayar takarda, amma kana hayewa ka san ka shiga wata ƙasa. Huluna suka ragu, kiɗa ya ƙaru, allunan coci iri-iri suka jeru a bakin titi, mata na tuƙa babur kansu a buɗe. Na gyara zaman hulata, na cire ta, na sake mayarwa, na rasa wanne ya fi. A Sabon Tasha muka samu motar Kafanchan. Yaron mota ya dubi Inna ya ce, "Oga, bari Mama ya zauna kusa da windo, iska zai yi mashi kyau." Inna ta waiga tana neman namijin da ake nufi.

Direba na shirin tayar da mota sai wata mata mai jiki, 'yar kasuwar citta, ta tafa hannu ta ce a yi addu'a. Kowa ya sunkuyar da kai. Ta roƙa mana hanya, ta roƙa wa direba ido, ta roƙa wa tayoyi lafiya, ta rufe da sunan Yesu, mota ta amsa da amin. Ban da ni da Inna. Sai ta juyo wajen Inna ta ce, "Mama, ke ma ki yi naki. Hanyan nan yana bukatan duka biyu." Inna ta ɗaga hannu ta yi tata a bayyane, kuma wallahi amin ɗin da suka ba ta ya fi na farko ƙarfi. Kafin mu kai Kujama matar ta san duk tarihin gidanmu. Ta ɓare ayaba ta miƙa, Inna ta yi jim, ta ga dai ayaba ba a yanka ta, ta karɓa.

Shingen sojoji kuwa ba a magana. A wani daga ciki wani soja ya leƙo, ya ga tsohuwa da hijabi a cikin motar, ya tambaye ta ina za ta.

"Ubana nake nema," in ji Inna. "Soja ne irinku."

"Wane bariki yake, Mama?"

"Ya tafi yaƙi tun ba a haifi babanka ba, ɗana. Bai dawo ba."

Ya tsaya yana kallon ta. Sai ya ja da baya, ya ƙame, ya sara mata, ya ɗaga wa direba hannu ba tare da ya buɗe but ba.

Wajen Kaciya ƙamshin citta ya cika motar, an baza ta a kan duwatsu da gefen kwalta tana shan rana, Inna ta yi ta atishawa tana cewa ashe nan ake haƙo abin da ke cinye mata kuɗin cefane. Gab da Zonkwa taya ta fashe, ta nuna addu'ar da aka yi mata ba ta karɓu ba. Muka fito muka tsaya a bakin daji, direba ya duba ya ce jak ɗinsa ya lalace. Can sai ga maza sun ɓullo daga cikin ciyawa, kowa da adda a hannu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kalmar shahada, har na fara tunanin wa zai gaji shagon. Ashe manoma ne suna dawowa daga gona. Suka ajiye addunan, suka kama motar suka ɗaga ta da hannu har aka canza taya, suka ce mu sauka lafiya, suka wuce. Inna ta dube ni ta ce, "Ka goge zufar, mai wando."

A Kafanchan mun sauka gidan Alhaji Sabo mai goro, ɗan'uwan wani maƙwabcinmu. Ni a zatona baƙo ne irinmu da kasuwa ta kai can. Ashe kakansa ne ya zo tun ana shimfiɗa hanyar jirgi, shi kansa bai taɓa kwana uku a Kano ba. Ina zaune a rumfarsa na ji yana ciniki da wata tsohuwa da yaren ƙasar, suna dariya, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Matarsa ta kawo mana faten acca da yakuwa. Ban taɓa ci ba, amma sai da na nemi ƙari. Da na faɗa masa wanda muke nema, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Bulus? Malam Habu, ka tsaya a tsakiyar kasuwar nan ka kira Bulus, sai ka rasa inda za ka zuba su. Bulus wa? Na wane ƙauye?"

Mu kuwa sunan Bulus kawai muka sani. Amma ya ce akwai tsofaffin sojoji da ke zama a gindin mangwaro kusa da tashar jirgi, da safe zai kai mu.

Tashar ta ba ni tausayi. Manyan gine-gine, layin dogo ya rabu nan da can, amma ciyawa ta cinye shi, awaki ne ke sintiri a kai. Inna ta ce in kai ta bakin ƙarfen. Ta sa ƙafa ta taka shi, ta daɗe a tsaye, ta ce, "Ko nan ya sauka, ko ta nan aka wuce da shi."

Shugaban 'yan gindin mangwaro wani dogon tsoho ne, Baba Ishaku, wanda ƙarar igwa ta kashe wa kunne tun a fagen daga. Kome za ka faɗa masa sai ka yi ihu, shi ma da ihu yake amsawa. Na yi ihun Bulus, ya ce ya gane, ya haɗa mu da mai keke ya kai mu wata unguwa. Muka tarar da Bulus da ransa, yana wanke ƙafa a ƙofar gida. Tsohon ɗan sanda ne mai busa ƙaho, bai taɓa ganin yaƙi ba sai a talabijin. Ya ba mu ruwa, ya ba mu haƙuri, ya ce akwai wani Bulus a bayan asibiti amma shi makaniki ne. Na dawo gindin mangwaro raina a ɓace, na ce wa Inna mu haƙura.

Ba ta ko dube ni ba. Ta matsa kusa da Baba Ishaku, ta sa bakinta a kunnensa, macen da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta kwarma: "Jirgin masu rauni! Ya sauka da wani Bahaushe!"

Tsohon ya zabura. Ya buga sandarsa a ƙasa ya juya wajen 'yan'uwansa. "Kai! Bulus Ba-Igiya ne! Me ya sa ba ku faɗa ba tun safe?" Sai duk suka ɗauka da magana a lokaci ɗaya. Da ƙyar na tsinci zaren. Kofur ne shi da, ya sauka daga jirgi da wani majinyaci ba da izini ba, da ya koma bariki aka cire masa igiyoyin muƙaminsa, sunan ya bi shi har kabari. Ya rasu da 'yan shekaru, amma matarsa na nan a wani ƙauye gaba da Madakiya. Na tambaya da ihu, shi majinyacin fa? Baba Ishaku ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan sai mutanen gidan.

Mota ta ajiye mu a Madakiya, daga nan sai babur. Inna ta hau a karkace tana riƙe da rigar ɗan acaɓa tana salati, ni ina biye da buhun dambu. Da muka shiga ƙauyen abu biyu suka tare mini ido. Na farko aladu, suna yawonsu a lungu kamar yadda tumaki ke yi a wurinmu. Inna ba ta gan su sosai ba amma ta ji gurnaninsu, ta tattare hijabinta. Na biyu kaburbura. A wurinsu ba a kai mamaci bayan gari. A gida ake binne shi, a gefen ɗaki ko a bakin ƙofa, a ɗaure kabarin da siminti a rubuta suna. Na ga wata mata ta shanya barkono a kan wani, na ga wani tsoho ya jingina da wani yana gyaran fartanya. Mu da muke kai namu maƙabarta, mata ko leƙawa ba sa yi, damina biyu ta wuce ƙasa ta baje. Ni kaina yau in ka ce in nuna maka daidai inda mahaifina yake, sai dai in nuna maka yanki.

Gidan Bulus na ƙarshen ƙauye. Wani magidanci ya fito yana goge hannu, ya ce shi ne Iliya, babban ɗan marigayin. Na yi gaisuwa, na fara kame-kame, don ban san ta inda ake fara irin wannan magana ba. Na dai ce daga Funtuwa muke. Ban ƙarasa ba ya saki tsumman da ke hannunsa. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya juya cikin gida da gudu kamar ba babba ba.

"Mama! Mama, fito! Mutanen Baba Lawal sun zo!"

Baba Lawal. Inna ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

Wata 'yar tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ƙarama, kanta fari fat. Ita ce Mama Rifkatu, matar Bulus. Ba ta gaishe mu ba. Ta zo gaban Inna ta ɗaga hannu ta shafa goshinta, ta ce, "Goshin shi ne. Yesu na gode, goshin shi ne." Sai ta rangaɗa guɗa, mata suka firfito daga maƙwabta. Aka kawo kujeru, aka kawo ruwa. Inna ta ƙi zama, ta ƙi sha.

"Baiwar Allah," ta ce, "ki faɗa mini tukuna. Yana ina?"

"Yana nan. Zo ki gani."

Ta kama hannun Inna, tsohuwa na jan tsohuwa, muka zaga bayan babban ɗaki. Wuri ne a share tas, a ƙarƙashin wata bishiyar lemo. Kaburbura ne a jere, an shafe su da farar ƙasa tun Kirsimeti, kowanne da gicciye a kansa, duk sun miƙe sun fuskanci waje ɗaya. Sai guda ɗaya a tsakiyarsu da ya gitta, ya karya layin, kamar wanda ya shigo sahu a karkace. Babu gicciye a kansa. An rubuta LAWAL SOJA da yatsa tun simintin na ɗanye, kuma a wajen kai an dasa wata tsohuwar butar ƙarfe, rabinta a cikin simintin.

Ni rubutun na tsaya karantawa. Inna ba ta iya ganin rubutu. Ta durƙusa ta shafa kabarin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta taɓa butar, sannan ta ɗago ta yi tambaya ɗaya.

"Ina ne gabas?"

Iliya ya nuna da hannu, na kama hannunta na nuna mata. Ta sake shafa tsawon kabarin. Kai a kudu, ƙafa a arewa. Duk wanda ya taɓa sa gawa a rami ya san abin da wannan ke nufi: an kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa na kallon alƙibla. Inna ta ce "Allahu Akbar" sau ɗaya, a hankali, ta zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa jin girman Allah ya sauko mini kamar a wannan wuri ba, a bayan ɗakin mutanen da ban sani ba, kaji na tono a gefe.

Mama Rifkatu ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune, ta zauna kusa da Inna ta ba da labarin. Lokacin tana amarya. Da damina Bulus ya iso da shi a kan keke, yana turawa, shi kansa hannunsa a naɗe. A fagen yaƙi Lawal ne ya goya Bulus ya haye da shi wani kogi ana harbi. Da jirgi ya tsaya a Kafanchan Bulus ya ga ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya hau kai, ya tabbata ba zai kai Kaduna ba, kuma ya ga yadda ake yi da wanda ya cika a hanya. Sai ya sauke shi ya kawo wa mahaifinsa, mai maganin gargajiya. An yi iya yi. Ya yi 'yan kwanaki, yana alwala da butar nan yana salla a kwance, sannan ya cika da hantsi.

"Wa ya yi masa wanka?" in ji Inna.

"Mutanenku. Maigida ya hau keke cikin ruwan sama ya je Kafanchan, ya kawo wani malam da mahauta da masu goro. Su suka wanke shi a ɗakin can. Ba a samu farin yadi ba, sai na kawo zanen gado na aure na, fari ne, ban taɓa shimfiɗa shi ba. Malam ya duba ya ce ya yi."

"Salla fa?"

"A nan inda kike zaune suka tsaya. Mu muna baya, mazan mu sun cire hula. Sun so su kai shi wurin Musulmi a gari, amma rafi ya cika, ba a iya wucewa da gawa. Sai baban maigida ya ce, baƙon gida na ne, zai kwanta da mu. Malam ya ja layi da sanda. Dattawa suka ce a'a, wannan ya ɓata layin kakanni. Tsoho ya ce, ku bar shi ya kwanta yadda Allahn shi yake so, mu ne za mu matsa."

Na san abin da malamanmu ke cewa game da gini a kan kabari, kuma tunanin ya zo mini, ba zan ɓoye ba. Na haɗiye shi. Ba don simintin nan da Bulus ya zuba da kuɗin sallamarsa ba, da ciyawa za mu tarar. Shi ma yana nan kwance, kabarinsa na gab da ƙafafun abokinsa, inda ya ce a sa shi. Iliya ya ce har Funtuwa babansa ya je neman mu, ba sau ɗaya ba. Aka nuna masa Lawal tela, aka nuna masa Lawal mai nama, ya dawo da tsarabarsa a hannu. Ya kuma ce wata shekara da gari ya rikice, wasu samari sun shigo da guduma suna neman kabarin Bahaushe. Bulus ya ɗauko kujera ya ɗora a kai ya zauna, ya ce su fara da shi. Iliya ya faɗi wannan ne yana kallon ƙasa, kamar mai jin kunyar abin.

Da la'asar ya kamo zakara ya miƙo mini wuƙa, ya ce haka suke yi in Musulmi ya zo, shi zai yanka da hannunsa. Ni kuwa mai yadi ne, a gidana ma almakashi na fi sani. Na taka fukafukai, na ɗaga wuƙa, zakara ya fizge ya haye katanga, ni da Iliya da matarsa muka bi shi har cikin gonar rogo. Da aka gama, matar ta fito da sabuwar tukunya tana nuna wa Inna cewa ba a taɓa girki a ciki ba. A nan ne na lura da abin da ya kamata in lura tun shigowarmu. Duk ƙauyen gurnani ake, gidan nan shiru. Na tambayi Iliya ina nasu aladun.

"Ba mu kiwo," in ji shi. "Tun ranan da aka sa Baba Lawal, Kaka ya sayar da na shi duka. Ya ce mutumin nan ba ya son abin nan da rai, ba za a kawo mashi kusa ba don ya mutu."

"Har yau?"

"Har yau. Maƙwabta da shi suke biyan makarantan yara, mu sai citta da akuya. Wani lokaci yana da wuya, gaskiya." Ya yi murmushi. "Amma baƙo yana gida."

Na rasa inda zan sa idona. Mutanen nan sun fi shekara hamsin suna hana kansu abin da addininsu bai hana su ba, saboda mutumin da ya kwana 'yan kwanaki a gidansu, wanda ba su san ko yana da mai zuwa nemansa ba. Na yi ta juya abin a raina ina neman wanda na sani da zai iya haka, har da ni kaina, ban samu ba. Inna ta ci tuwon acca da naman zakara ta suɗe hannu. Buhun dambun a gidan muka bar shi, har da gishirin.

Sun hana mu tafiya ranar, matar Iliya ta bar wa Inna ɗakinta. Da safe bayan mun yi salla, rana ta ɗan fito, na ga matar Iliya ta ɗauki tsintsiya ta nufi bayan ɗaki. Ashe kullum da nan ake fara shara kafin tsakar gida. Mama Rifkatu na zaune a bakin ƙofa tana shan kunu, ta ɗaga sanda ta tare ta.

"Ajiye. Mai aikin ya zo." Ta juya wajen Inna. "A wurin mu 'ya ne yake share wa uban shi. Maigida ya ce mu riƙe miki ne kawai, har ki zo."

Na buɗe baki zan ce ba al'adarmu ba ce, kuma bayanta na ciwo. Inna ta riga ta miƙa hannu. Ta karɓi tsintsiyar, ta buga gindinta a tafin hannu, ta lallaɓa ta sunkuya. Ta fara daga wajen ƙafa tana tattara ganyen lemo, a hankali, tana laluben gefen simintin da ɗaya hannun. Da ta kai wajen butar sai ta dakata, ta goge ta da bakin hijabinta.

"Baba, ni ce," ta ce, ta faɗi sunanta na yanka, wanda ba zan rubuta a nan ba. "Na zo. Ka ga har na girme ka."

Sannan ta ci gaba da shara, ta wuce kan na Bulus.